Kiɗan Mota Mai Girgiza Gari: Aljihu Na Biya, Kunne Na Biya

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta samu gindin zama a tsakanin samari masu abin hawa, wato cika but ɗin mota da manyan lasifikoki da na'urar ƙara ƙarfin sauti da ake kira amfilifaya, har ta kai kafin ka hango mota ka riga ka ji ta a ƙirjinka. Abin bai tsaya ga masu motocin gida ba, ya gangaro har kan 'yan A Daidaita Sahu, inda za ka tarar an kafa akwatin wufa a bayan kujerar fasinja, kana zaune yana dukan ƙashin bayanka. Idan kuwa ka saurari hirar waɗannan samari a wajen mai haɗa wayarin mota, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakinsu: naka wat nawa ne? Wannan ya ce nasa 2,000, wancan ya ce 5,000, kowa na ganin yawan wat shi ne yawan ƙara, kamar yadda yawan mudu yake yawan hatsi.

Wannan lissafi nake son mai karatu ya tsaya mu duba tare, domin kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ƙarar sauti haja ce da farashinta ke ninkawa a kowane mataki, alhali abin da kunne ke ji a matsayin ƙari ɗan kaɗan ne. To amma idan aka zo wajen ɓarna, kunnen nan da ya raina ƙarin shi ne ke biyan cikakken farashi. Wanda ya fahimci wannan, ba sai an kai shi gaban hukuma ba kafin ya rage murya.

Bari mu fara da ma'auni. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka suka fito da shi a shekarun 1920. Hirar mutum biyu a zaure ba ta wuce kimanin desibel 60. A tsakanin 120 da 130 ne kunne ke fara jin zafi, wanda kuwa ya tsaya kusa da jirgin sama a lokacin tashinsa zai sha wajen 140. Abin da ya bambanta wannan ma'auni da mudu ko kilo shi ne, da ninki yake tafiya. Idan ka ninka ƙarfin wutar da kake bai wa lasifika sau 2, desibel 3 kacal za ka samu a kai. Desibel 3 kuwa ƙari ne da mutum zai lura da shi, amma bai kai a juyo a dube ka ba. Kafin yawancin mutane su ce sauti ya ninka a kunnensu, sai an ƙara kimanin desibel 10, shi kuma desibel 10 yana bukatar a ninka wuta sau 10.

Alal misali, mu ɗauki lasifikar da ke ba da desibel 88 idan aka ba ta wat 1, aka kuma auna daga nisan mita 1, wanda shi ne irin ƙarfin da yawancin lasifikokin kasuwa ke da shi. Da wat 10 za ta ba da 98. Da wat 100 za ta ba da 108. Da wat 1,000 sai ta kai 118, da wat 10,000 kuma 128, in har ta rayu ta ga wannan rana. Mai karatu ya lura da yadda tsanin yake: matakin farko wat 9 ya ci, na biyu 90, na uku 900, na huɗu 9,000. An ninka wuta sau 10,000, amma abin da kunne ya shaida bai wuce ninki 16 ba. Ke nan saurayin da ya sayar da amfilifaya mai wat 500 ya cika kuɗi ya sayo mai wat 1,000, yana zaton ya ninka abokinsa, desibel 3 ya saya. Da ma lasifikar da ke ba da 91 da wat 1 ya nema a maimakon mai 88, da ya samu wannan ƙari ba tare da ya ƙara ko wat ɗaya ba.

Wannan ma lissafin takarda ne. A zahiri abin ya fi haka muni, domin lasifika na daga cikin na'urori mafi almubazzaranci da ɗan Adam ya ƙera. A cikin wutar da ake tura mata, abin da ke zama sauti bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Sauran duk zafi yake zama a cikin wani ɗan naɗin wayar tagulla da ke kai-da-kawo a tsakiyar maganaɗisu. Wato mai wat 1,000 a but, rishon lantarki ya ajiye wanda ke ɗan yin waƙa. Ita kuma tagulla tana da hali: duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri 1, turjiyarta ga wuta na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Idan naɗin ya kai digiri 200, abin da ba baƙo ba ne a wufar da ake gana wa azaba, turjiyar ta ƙaru da wajen kashi 70 cikin 100, sai wutar da ke shiga ta ragu. Haka za ka ga desibel 3 ɗin nan da aka kashe kuɗi aka saya, zafi ya cinye mafi yawansa bayan 'yan mintoci. Mai mota ya ji kiɗa ya yi sanyi, ya ƙara murɗa maɓalli, har amfilifaya ta kai iyakarta ta fara yanke kan sauti tana fitar da shi a gurɓace, wanda hakan ke ƙara dafa naɗin. Daga nan sai ƙauri, sai shiru. Hausawa dai sun ce idan ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wutar daga ina za ta fito? Mota ba tashar Kainji ba ce. Idan inji na aiki, altanetar da ke cajin batir tana ba da wuta a kan kimanin bolt 14, kuma ta motar gida ta yau da kullum ba ta cika wuce amfiya 70 zuwa 150 ba. Mu ce 100. Bolt 14 sau amfiya 100, wat 1,400 ke nan, a ciki kuma fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota da shi kansa injin za su ɗauki rabonsu. Amfilifayar da za ta ba da wat 5,000 na gaskiya, ko da irin ta zamani ce mai tattalin wuta, sai ta ja sama da amfiya 400 a lokacin da take cikakken aiki. Wannan ya ninka abin da altanetar ke iyawa sau 4, ya fi ƙarfin ƙananan janaretocin gida guda 5 a haɗe, ya kuma haura ƙarfin doki 8 da za a zaro daga injin da mai ke tafiyar da shi. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan cikakken ƙarfi a kowane lokaci, shi ya sa batir ke cike giɓi na ɗan lokaci. Amma duk wanda ya taɓa ganin fitilun mota na lumshewa daidai da bugun ganga, ya ga batir na kuka ne. Ƙarshensa a sayi sabon batir, a sake naɗa altaneta, in kuma an yi rashin sa'a mai wayarin ya ja siririyar waya daga batir ba tare da ya sa fiyus kusa da shi ba, wata rana sai a ga hayaƙi daga ƙarƙashin kafet.

Wannan shi ya kawo mu ga lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Yawancinta ƙarya ce tsagwaronta. Akwai ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a ɗore, wanda ake yi wa alama da haruffan RMS, akwai kuma wata lamba mai alamar PMPO ko MAX wadda ba ta da wata ƙa'ida tsayayya, kowane kamfani na rubuta abin da ya ga zai ja hankalin mai saye. Wannan wasa ya daɗe, domin tun a 1974 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka ta kafa dokar tilasta wa masu ƙera amfilifayar gida su bayyana ƙarfi mai ɗorewa, saboda yadda ƙaryar ta yi yawa. Daga baya masana'antar kayan sautin mota ta fito da nata ma'aunin mai suna CEA-2006, wanda ke auna ƙarfi a kan bolt 14.4 tare da ƙayyade gurɓatar sauti a kashi 1 cikin 100. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu kuwa, da yawansu ba su san da wannan zance ba.

Ga wata dabara kyauta ga mai saye. Juya amfilifayar ka duba fiyus ɗinta. Idan an rubuta 30 a jikinsa, to ka ninka 30 da 14.4, za ka samu wat 432. Wannan shi ne kusan iyakar abin da za ta iya sha a ɗore, abin da za ta fitar kuwa bai kai haka ba, domin ita ma tana zubar da wani kaso a matsayin zafi. Idan ka ga kwali ya ce wat 3,000 alhali fiyus na cewa 30, to ka gaskata fiyus, shi ba ya talla.

To idan wat ba shi ne sarki ba, mene ne ke kawo ƙara? Sauti iska ce ake turawa, saboda haka faɗin fuskar lasifika da nisan da take iya motsawa su ne kan gaba. Lasifika biyu da suka raba wat 500 a tsakaninsu sun fi guda ɗaya mai shan wat 500 ɗin da kimanin desibel 3 a sautin ƙasa. Sai akwati: girmansa da tsawon ƙofar iskarsa, in an daidaita su da lasifikar, suna ba da ribar da dubban wat ba za su bayar ba. Sai ita kanta motar, wadda idan an rufe ƙofofi da gilasai take zama kamar tulu, tana tara sautin ƙasa tana ƙara masa nauyi kyauta. Misali mafi kusa da mu shi ne mai tallar maganin gargajiya da ke kafa amsa-kuwwa mai bakin ƙaho a saman tsohuwar motarsa. Irin wannan ƙaho kan ba da desibel 105 ko fiye da wat 1 tak, ga shi kuma yana aiki a daidai zangon muryar da kunnen ɗan Adam ya fi kamawa. Da wat 30 sai ya kai 120, wato ya shige gaban saurayinmu mai wat 1,000 da lasifikarsa mai 88. Ban kawo wannan don in yabi mai magani ba, shi ma yana cikin masu hana mu barcin rana, kuma za mu dawo kansa. Na kawo ne don a ga cewa sani ya fi kuɗi aiki a wannan fage.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan lissafi su ne masu gasar ƙarar mota a Amurka, inda abin ya samo asali. Wani Ba'amurke mai suna Wayne Harris, wanda ya yi suna a shekarun 1980 da wata tsohuwar motar ɗaukar gawa ƙirar Cadillac da ya cika da lasifikoki, shi ya kafa gasar da ake kira dB Drag Racing a shekarun 1990, wadda daga baya ta bazu zuwa Turai da Kudancin Amurka da Asiya. Ana jera mota biyu, a manna na'urar awo a cikin kowacce kusa da gilashin gaba, a rufe ƙofofi, a ba su sakan 30, wanda lambarsa ta fi shi ya ci. A manyan azuzuwan gasar, abin da ake kira mota ya tashi daga mota. An cire kujeru, an zuba kankare a jikin bango da ƙasa, an maye gilashi da roba mai kauri kamar ta tagar banki, ana ɗaure ƙofa da ƙusoshi, ga batura jere kamar buhunan siminti, har wasu sai an turo su ko an jawo su zuwa fili saboda nauyi. Abin da suke kunnawa ma ba waƙa ba ce, wani gurnani ne mai murya ɗaya na 'yan sakanni, wanda aka zaɓa domin ya dace da zangon da cikin motar ya fi amsawa.

Da irin wannan wahala ne suka haura desibel 180. Daga 150, wanda saurayi mai himma zai iya kaiwa a motar da yake hawa, zuwa 180, tazarar ninki 1,000 ce ta ƙarfi. A can sama mutum kan ninka batura da amfilifayoyi ya kwana yana aiki domin ya samu ɗigon desibel ɗaya. Akwai ma bango a gabansu, domin a wajen desibel 194 motsin sautin ya kai nauyin iskar da ke kewaye da mu gaba ɗaya, daga nan kuma abin ya tashi daga sauti ya koma bugun iska irin na fashewar nakiya. Amma abin da nake son samarinmu su riƙe daga wannan labari shi ne abu guda: a waɗannan manyan azuzuwa, ba mai zama a cikin motar. Gwanayen na tsayawa ne a waje da na'urar sarrafawa a hannu. Wanda ya ƙera dodo ya san ba a kwana da shi a ɗaki.

Yanzu mu juyo ga kunne, inda ainihin asarar take. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai kama da katantanwa, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ta mutu ke nan, ba ta sake tsirowa, ba a kuma sayar da ita a kemis. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ƙayyade cewa iyakar abin da ya kamata ma'aikaci ya sha a rana shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wato 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 kuma minti 15. Idan aka kai 115, lokacin bai kai rabin minti ba.

Mai karatu ya ga inda gizo ke saƙa. Desibel 3 ɗin nan da muka ce kunne ba ya ɗaukarsa a bakin komai wajen jin daɗi, shi ne dai ke raba lokacin aminci gida biyu. Wajen daɗi kunne na ƙirga ninki 10 a matsayin 2, wajen lahani kuwa yana ƙirga kowane ninki daidai wa daida, tamkar yadda aljihu ya ƙirga. Saboda haka jin mutum ba alƙali ba ne a nan. Bugu da ƙari, bayan an sha ƙara na wani lokaci ji kan dushe na wucin gadi, sai mutum ya ga kamar kiɗan ne ya ragu, ya ƙara masa wuta, alhali kunnensa ne ya gaji.

Adalci ya sa in faɗi cewa waɗancan lambobi na NIOSH ana auna su ne da sikelin da ke rage nauyin sautin ƙasa, domin kunne bai cika kama shi ba kamar siririn sauti. Masu wufa kan fake da wannan su ce ai bes ba ya kurmantarwa. To mu yi musu lissafin. A sautin da ke girgiza sau 40 a sakan, rangwamen da sikelin ke yi kusan desibel 35 ne. Cire 35 daga 150, saura 115, wato mun dawo kan abin da bai kai rabin minti ba. Kuma ba wanda ke jin wufa ita kaɗai, dole a ɗaga sauran lasifikoki masu siririyar murya domin su kamo ta, su kuwa ba su da rangwame ko kaɗan. Lahanin ma ba a kunne kaɗai ya tsaya ba. A 2004 wasu likitoci a Beljiyam sun wallafa a mujallar likitanci ta Thorax labarin samari 4 da huhunsu ya sace iska ya lotse a lokacin da suke cikin kiɗa mai tsananin ƙara, ɗaya daga cikinsu kuwa a cikin motarsa abin ya same shi, da akwatin wufa mai wat 1,000.

Abin da ya sa wannan ciwo ke da haɗari shi ne ba ya zuwa da jini ko zazzaɓi. Yakan fara da ƙugi a kunne bayan an kashe kiɗa, ƙugin da a farko yake wucewa kafin gari ya waye, wata rana kuma ya zo ya zauna har abada. Sannan siraran sautuka su fara ɓacewa, irin su sa da sha da tsa da fa, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman a kasuwa ko wurin taro. Yana ɗan shekara 35 ya fara cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma a rahotonta na 2021 ta ce nan da 2050 kusan mutum biliyan 2.5 za su kasance da wani mataki na raunin ji. A ƙasashe masu hali akwai na'urar taimaka wa ji da likitocin kunne a kusa. A wajenmu kuwa, ɗan A Daidaita Sahun da ke yini awa 10 da lasifika a ƙeyarsa, wa zai saya masa? Ga shi sana'arsa ma da kunne ake yin ta, da shi yake jin hon, da shi yake jin jiniyar motar asibiti, da shi yake jin fasinja ya ce a sauke shi.

Na san za a ce mota tasa ce, kuɗi nasa ne, kunne ma nasa ne. Na yarda da biyun farko. Na kuma yarda cewa wannan sha'awa ba sharri ba ce zalla. Yaron da ya koyi lissafin akwati da kaurin waya da rabon wuta ya koyi ilimin lantarki na gaske, wanda gobe zai iya cin abinci da shi a harkar sola ko gyaran na'urori, kuma ina ganin ya fi wanda ke zaune a bakin titi ba aikin fari. Sai dai kunnen da ke cikin mota ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai fasinjar da ta shigo da jariri a goye, wadda ba a nemi shawararta ba. Akwai kuma na waje. Sautin da ke girgiza sau 40 a sakan tsawon zangonsa ya haura mita 8, shi ya sa katangar da ke tare muryar mutum ba ta iya tare shi, yana ratsa bulo da ƙofa ya iske majiyyaci a gadonsa da ɗalibi a kan littafinsa. Mai motar na jin waƙa, maƙwabci kuwa dum-dum kawai yake ji da kakkarwar kwanon rufi. A fili sauti na raguwa da desibel 6 ne kacal duk lokacin da aka ninka nisa, saboda haka wanda ya fito da 120 a mita 1, a mita 32 yana nan da wajen 90.

Sauran ƙasashe sun sha fama da wannan, kuma akwai darasi a yadda suka yi. A Brazil, inda ake gina katangar lasifikoki a jawo ta da mota, dokar 2006 ta ƙayyade desibel 80 daga nisan mita 7, amma sai da na'urar awo ake iya kama mai laifi, ga shi ba kowane jami'i ke da ita ba. A 2016 hukumar kula da zirga-zirga ta ƙasar ta sauya salo, ta ce muddin ana jin sautin daga wajen mota har yana damun jama'a, laifi ne, ba sai an auna ba. A Indonesiya kuwa, inda ake ɗora tarin lasifikoki a kan manyan motoci ana zagaya ƙauyuka har gilasan gidaje na fashewa, majalisar malaman lardin Jawa ta Gabas ta fitar da fatawa a watan Yulin 2025 cewa haramun ne yin hakan idan ya wuce kima har yana cutar da lafiya ko dukiyar mutane.

A nan gida ba rashin doka ke damunmu ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma tun 2009 take da ƙa'idojin hana gurɓata muhalli da ƙara. Amma mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin jami'i riƙe da na'urar awon sauti a kan titin garinsu. Shi ya sa nake ganin hanyar da Brazil ta bi ta fi dacewa da mu: majalisun jihohi su sa nisa bayyananne a doka, wanda duk jami'in hanya zai iya aunawa da takunsa, a kuma tsaurara a kusa da asibitoci da makarantu da kuma cikin dare. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan A Daidaita Sahu su ma suna da ikon da ya fi na hukuma a tashoshinsu, za su iya cewa muddin akwai fasinja a ciki, sautin kada ya kai inda sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Wannan gwaji ne da masana lafiyar ma'aikata suka daɗe suna amfani da shi: idan sai ka yi ihu kafin wanda ke nisan hannu ɗaya da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai wajen 85 ko ta wuce. Su kuma masu sha'awar gasa a ba su fili a bayan gari, rana tsaka, da na'urar awo da abin toshe kunne, su tsaya a waje kamar yadda iyayen gidansu na Amurka ke yi. A nan ne ma za a gane wanda ya iya da wanda kwali ya ruɗa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma daga jihar Florida ta Amurka na ɗauko shi. Jihar ta daɗe da dokar da ta hana sautin mota ya kai inda za a ji shi sarai daga nisan ƙafa 25. A 2012 kotun ƙolin jihar ta soke dokar, kuma daga cikin dalilanta har da cewa dokar ta keɓe motocin talla da na 'yan siyasa, ta bar talaka mai jin waƙarsa shi kaɗai a hannun 'yan sanda. Sai a 2022 aka dawo da ita bayan an cire wannan son kai. Mu ma idan za a yi, to a yi ta kan kowa. Mai maganin gargajiya da ƙahonsa ya shiga ciki, mai tallar sabuwar waƙa ya shiga, motar da ke rakiyar amarya da ƙarfe 11 na dare ta shiga. Haka nan babbar motar kamfe, mai janareto a baya da lasifikoki hawa uku, wadda ke tsayawa a ƙofar asibiti tana wasa ɗan takara, a fara auna taku daga gare ta kafin a tare yaron da ke tuƙa keke.